Kafin A Ƙara Wa Motar Ikilisiya Ƙarfi, A Tambayi Karanshaf

 Na san wani zai ga kan wannan magana ya ce, me ya haɗa shafin ikilisiya da zancen gareji? A yi mini haƙuri a karanta tukuna. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin kuɗi na wata majami'a a ƙasar Malumfashi, ko Kafur, ko Bakori, ko Funtua, ya sani cewa in an cire kwanon rufi da ɗan alawus na mai bishara, ba abin da ke lashe baiko kamar mota. A cikin mota kuwa ba abin da ke cinye kuɗi farat ɗaya kamar wani ƙarfe guda wanda yawancinmu ba mu taɓa gani da ido ba, wato karanshaf. Ni ma ban san shi ba sai ranar da aka ajiye shi gida biyu a kan buhu, a gaban dattawan ikilisiyarmu, ina riƙe da littafin magatakarda na rasa abin rubutawa.

Motar tamu a-kori-kura ce, Peugeot 504, irin waɗanda kamfanin PAN ya yi ta harhaɗawa a Kakuri cikin Kaduna, inda ya fara fitar da motoci a 1975. Tsohuwa muka saye ta, da kuɗin masarar godiyar kaka ta shekara biyu. Ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ke ɗaukar mawaƙa, ita ke kai amarya, ita ke ɗauko taki da bazara. Ranar kasuwa kuma a ba da ita haya ta kai hatsi Bakori ko Dandume, domin ta ci da kanta. Wanda ya san ƙasarmu ba zai yi mamakin nauyin da ke kanta ba. Tun da aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na Funtua a 1975 da taimakon Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe, masara ta samu gindin zama kusa da auduga da dawa, kuma buhun masara kilo 100 ne, ba ya ragi. Ita kuwa a-kori-kura an yi ta ne don ta ɗauki tan ɗaya da 'yan kai, wato buhu 10 zuwa 12.

Direbanmu, ɗan ikilisiya ne, yaro mai hankali, ya yi ta kukan cewa motar ba ta ja, in ta ɗauki kaya ta zo hawa sai ta riƙa nishi. Aka kai ta wani gareji a gari. Makanikin ya ce abu mai sauƙi ne. Ya sauke inji, ya kai kan injin aka aske shi domin matsi ya ƙaru, ya sa kafireta mai faɗin baki, ya gusa taimin gaba. Da ya ga wuyan karanshaf ya ci, sai ya kai aka yanka shi zuwa 30. Mai walda kuma ya ƙara ganye biyu a sifirin na baya. Motar ta dawo tana tsalle kamar ɗan maraƙi. Ran Lahadi aka sanar a sujada, har aka yi tafi. Daga buhu 12 aka koma ɗora mata 18, wani lokaci 20, tana kuwa tafiya da su.

Wata bakwai bayan haka, zumuntar mata suna dawowa daga taro, an wuce Bakori an nufi Malumfashi, rana ta yi ja. Direba ya ce tun da safe yake jin wata 'yar ƙara daga ƙasan inji, ya ce a ransa sai an dawo a duba. Can sai aka ji kamar an buga guduma a tukunya, motar ta yi karkarwa, inji ya mutu. Mata goma sha da goye-goyensu a gefen hanya. Kowa ya san yadda hanyoyinmu suka zama a shekarun nan, ba mai son magariba ta same shi a daji. Allah ya kawo wani direban babbar mota, Musulmi, bawan Allah, ya tsaya ya ɗaura musu igiya ya ja su har gari, bai karɓi ko kwabo ba. Ba wanda ya yi ko ƙwarzane, mun gode wa Ubangiji. Amma a taron da ya biyo baya shugabar zumunta ta tashi ta ce wa shugaban dattawa, "Baba, ba kuɗin muke kuka ba. Ku gaya mana abin da ya karye, da abin da ya karya shi, don kada mu sake hawa abin da ba mu sani ba." Tambayar nan tata ce ta sa na shiga bin garejoji da littattafai, abin da na samo kuwa shi ne na kawo muku.

Ƙarfe ma yana gajiya

Karanshaf wani sandan ƙarfe ne mai gwiwoyi, yana kwance a ƙasan inji. Fistin yana hawa yana sauka ne kawai, kamar taɓarya a turmi. Kwanrod ya ɗauki wannan duka ya miƙa wa gwiwar karanshaf, shi kuwa ya mai da shi juyi, juyin ya bi ta fulawil da kuloci da giya har ya kai ƙafa. Ku duba keken ɗinki na ƙafa, ko feda ta keke, aikin ke nan. Wuraren da suke santsi kamar madubi, inda yake juyawa cikin metal, su ne nake kira wuya. Ƙarafan da suka haɗa wuya da wuya su ne kafaɗu. Tsakanin wuya da metal akwai ɗan sarari da bai kai kaurin gashin kai ba, kamar milimita 0.03 zuwa 0.06, kuma baƙin mai ne ke cike shi. Muddin inji na da lafiya, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe, a kan mai yake iyo.

Yanzu a yi lissafi. Inji mai silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti ɗaya, irin gudun da ake yi a kan kwalta, yana juyi 50 ke nan kowace daƙiƙa. A kowane juyi silinda biyu ke tashi da wuta, wato duka 100 a daƙiƙa. Tafiyar awa ɗaya, juyi 180,000 ne da duka 360,000. Kowane duka yana lanƙwasa karanshaf kaɗan, yana murɗa shi kaɗan, sa'an nan ya sake shi ya koma yadda yake. Ido ba ya ganin wannan, amma ƙarfen yana ji.

Duk yaron da ya taɓa tsinka waya ba da filaya ba ya san sauran labarin. Ba jan ta yake yi ba, lanƙwasa ta yake yi gaba da baya har ta yi zafi ta rabu. Masana suna kiran wannan gajiyar ƙarfe, kuma da jini aka koye ta. Ranar 8 ga Mayu 1842 wani jirgin ƙasa da ya taso daga Versailles zuwa Paris a Faransa ya yi haɗari saboda sandan ƙafar kan jirgin ya karye, mutane masu yawa suka mutu. Irin wannan karaya ta dami masu jiragen ƙasa na Turai har wani injiniya Bajamushe, August Wöhler, ya shafe shekaru tun daga wajejen 1850 zuwa 1870 yana gwada sandunan ƙarfe a kan na'ura. Ya gano cewa ƙarfe yana karyewa da nauyin da bai kai rabin abin da zai iya ɗauka sau ɗaya ba, in dai ana maimaita nauyin sau dubbai. Ya kuma gano cewa akwai wata iyaka: in nauyin yana ƙasa da ita, ƙarfen zai yi ta aiki kusan ba ƙarshe, in an haye ta ko da kaɗan ne, to kwanakinsa ƙidayayyu ne. Masu ƙera inji suna ajiye karanshaf a ƙasa da wannan iyaka, da ɗan rara. Wannan rarar ce muke ci in muka ƙara ƙarfi muka ƙara kaya.

Tsagewa kuwa ba ko'ina take farawa ba. Kusan kullum daga lungun da ke tsakanin wuya da kafaɗa take somawa, ko daga bakin ramin mai. Shi ya sa kamfani ba ya barin wannan lungu da kaifi, yana zagaye shi ya yi sumul kamar cikin cokali, a wasu injuna ma har a danne shi da abin murji don ƙarfen wurin ya ƙara ƙwari. Ku tuna yadda mai shago ke yage atamfa: sai ya ɗan tsaga baki da almakashi, daga nan yadi ya bi. Lungu mai kaifi shi ne wannan tsagar almakashi.

Da wani tsohon makanike a Funtua ya ɗauki gutsuren namu, bai yi minti ɗaya ba ya sa farce a lungun ya ce mini, "Malam, taɓa nan." Kaifi ne kamar bakin akwati. Wanda ya yanka mana bai gyara gefen dutsen injinsa ba, ya share lungun gaba ɗaya. Ya kuma nuna mini fuskar karayar. Fiye da rabinta sumul take, da layi-layi masu lanƙwasa kamar sawun ruwa a bakin rafi, sauran kuma gautsi ne sabo. Ya ce sumul ɗin nan tsagewa ce da ta yi watanni tana ci a hankali, gautsin shi ne abin da ya rage ya riƙe har ranar da ya kasa. Wato duk tafiye-tafiyen da muka yi muna yabon motar, a kan rabin ƙarfe muke.

Ƙarin ƙarfi bashi ne

Mu a nan ba tseren mota muke yi ba, amma ƙarin ƙarfi muna yin sa kullum, sai dai ba ma kiran sa da sunansa. Aske kan inji ƙarin ƙarfi ne. Gusa taimin ƙarin ƙarfi ne. Buɗe famfon injekta a motar dizal don ta sha mai da yawa, har hayaƙi ya turnuƙe bayanta, ƙarin ƙarfi ne. Haka mai injin niƙa ko injin ban ruwa da ya ɗaure gwamna da waya don inji ya yi gudu. Ƙananan injunan fetur na ban ruwa an tsara su ne kada su wuce juyi 3,600 a minti, gwamnan nan shi ne linzaminsu. Abin da ba a cika sani ba shi ne, wahalar da fistin da kwanrod ke ba karanshaf ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In gudun inji ya ninka biyu, fizgar ninkawa huɗu take yi.

Amma abin da ya fi cin karanshaf a hanyoyinmu ba gudu ba ne, jan kaya ne a babbar giya. Mota ta ɗauki buhu 20, ta zo hawa, direba yana jin ƙyashin mai ya ƙi sauko da giya, ya take totur har ƙasa, inji yana juyi a hankali yana kakkarwa. A lokacin nan duka ya fi nauyi, famfon mai kuma yana juyi a hankali, man da ke tsakanin wuya da metal ya yi siriri. In an aske kan inji an kuma gusa taimin, sai a riƙa jin wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Fetur ne ke fashewa gaba ɗaya maimakon ya ci a hankali, kowace fashewa kuwa guduma ce a kan metal. Fetur maras kyau yana ƙara wannan, waɗanda suka yi tuƙi a shekarun wahalar mai na 1993 zuwa 1998, lokacin da aka yi ta gauraya shi da kananzir, ba sa bukatar a gaya musu. A yau ma akwai sabon tarko. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 wasu suna mai da motocinsu masu amfani da iskar gas. Gas yana jure taimin da aka gusa gaba, fetur ba ya jurewa, saboda haka wanda aka saita masa inji don gas ya kasa kunne duk ranar da ya koma fetur.

Masu manyan motoci su ma da nasu. Lambar nan 911 da ke jikin tsohuwar Mercedes ba ado ba ce: 9 tana nufin tan tara, mota da kayanta, 11 kuwa ƙarfin doki 110. A je tashar hatsi a ga abin da ake ɗora mata. Injinta silinda shida ne a jere, karanshaf ɗinsa dogo, dogon ƙarfe kuwa ya fi saurin murɗuwa. Don haka a irin waɗannan injuna ake sa wani fuli mai nauyi a gaba, da roba ko wani ruwa mai kauri a cikinsa, aikinsa shi ne shanye rawar murɗiya. In robar ta mutu, wasu sai su kai wa mai walda ya like shi ƙam. Fulin ya daina girgiɗi, mai mota ya yi murna, alhali kuwa an cire wa karanshaf matashin kai ne.

To, su masu tseren fa, yaya suke yi? Ita wannan 504 da muke raina wa ƙarfi ta ci gasar Safari ta ƙasar Kenya a 1975, Ove Andersson na Suwidin yana tuƙi, a shekarar kuma ta ci ta Maroko da Hannu Mikkola. Amma waɗannan motoci kamfani ne ya shirya su, da ayarin makanikai da kayan gyara suna jiran su a zango-zango. A Amurka akwai motocin tseren miƙaƙƙiyar hanya da injinsu ke ba da ƙarfin doki fiye da 10,000, suna cinye ƙafa 1,000 cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu. Bayan kowane gudu ɗaya sai an wargaza injin an duba, karanshaf kuwa gudu kaɗan yake yi a jefar da shi, ko da ido bai ga aibinsa ba. Su sun san cewa ƙarfi da tsawon rai ciniki ne, in ka ƙara wannan ka rage wancan, kuma sun tanadi kuɗin biya. A ɗaya gefen ga tsohon injin Lister na Ingila, mai manyan ƙafafu biyu, wanda ya yi ta niƙa a ƙauyukanmu: ƙarfin doki 6 kacal, juyi 650 a minti. An yi ta ƙera shi tun wajejen 1930 har 1987, kuma wasu sun ga jikokin masu su. Motar ikilisiya dangin Lister ce, ba dangin motar tsere ba, ko da direba yana jin kunyar a wuce shi a hanya.

Ba duk karanshaf ne ɗaya ba, kuma sana'o'inmu na gida sun isa su bayyana bambancin. Akwai na zubi, wanda ake narka ƙarfe a zuba a mazubi kamar yadda ake zubin tukunya. Shi ne a yawancin ƙananan motocin fetur, yana da araha, yana kuma daɗewa in ba a wuce abin da aka yi shi dominsa ba. Akwai na ƙira, wanda ake gasa ƙarfe a danne shi da babbar guduma har ya ɗauki siffa, kamar yadda maƙeri ke fitar da fartanya. Dukan nan yana sa jijiyar ƙarfen ta bi lanƙwasar gwiwoyi, shi ya sa ya fi jure gajiya, shi ne kuma a yawancin injunan dizal. Masu tsere suna da na uku, wanda ake sassaƙawa daga dunƙulen ƙarfe guda kamar turmi daga gungume, sau da yawa daga wani ƙarfe mai lamba 4340. Kuɗin guda ɗaya zai sayi irin motarmu, saboda haka mu bar shi a nan. Mai saye yana iya bambance na farko da na biyu da ido: na zubi yana da siririn layi mai kaifi a gefen kafaɗu inda mazubi ya haɗu, na ƙira kuwa layinsa mai faɗi ne kamar an goge da dutse.

Yanka, walda, ko Beljiyam

Kafin 1986 mai Peugeot yakan shiga shago ya sayi sabon kaya a kwali. Da shirin SAP na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, sai sabo ya gagari talaka, aka koma kayan Beljiyam, sunan da suka samo daga ƙasar da ake loda yawancinsu a jirgin ruwa. Tun daga lokacin, duk kwamitin da injinsa ya buga, zaɓin da ke gabansa bai wuce yanka, ko walda, ko na Beljiyam, ko sabo na Sin ko Indiya, ko kuma canja inji ɗungurungum ba.

Bari in wanke yanka daga zargi, domin bayan abin da ya same mu wasu dattawa sun ce ba za a sake yanka karanshaf da kuɗin ikilisiya ba. Ba yankan ne laifi ba. Abin da makanikai ke kira 10, 20, 30 shi ne rage faɗin wuya da milimita 0.25, 0.50, 0.75, sa'an nan a sa metal mai kauri daidai da haka. A wuya mai faɗin milimita 50, yankan 30 bai rage ƙarfinsa da kashi 5 cikin 100 ba. Laifin yana wurin lungu, in an share shi. Akwai kuma wani abu: karanshaf da yawa, musamman na dizal, an taurara fatar wuyansu ne kawai, a wasu taurin bai kai zurfin rabin milimita ba, har akwai waɗanda kamfani ya hana a yanka sam. In aka yanka irin wannan da zurfi, an feɗe fatar an bar tsoka. Kuma bayan kowane yanka dole a wanke ramukan mai da buroshi da kananzir har sai farin ƙyalle ya fito fari, domin garin dutsen da ya maƙale a ciki yana iya cinye sabon metal cikin mako guda.

Walda kuwa, ra'ayina a fili yake. Akwai manyan wuraren aiki da ke cike wuyan da ya ci da walda ta musamman, su gasa ƙarfen kafin da bayan aiki, su miƙe shi, su yanka. Wannan sana'a ce. Amma waldar bakin hanya a kan karanshaf na zubi, ko haɗa wanda ya riga ya karye, wannan ba gyara ba ne. A injin niƙa, in ya sake karyewa an yi asarar kuɗi da wuni ɗaya. A motar da ke ɗaukar mutane kada a yarda, ko kyauta ne.

Na Beljiyam na asali wanda ba a taɓa yankawa ba, in an same shi, sau da yawa ya fi sabo na kwali wanda ba a san maƙerarsa ba. Sababbin ma akwai nagari akwai na banza, kwalin ba ya faɗa. Ko a Kofar Ruwa ta Kano za a saya, ko a Kaduna, ko a Zariya, kada a aiki mutum ɗaya da kuɗi a aljihu ya zaɓo da ido. A tafi da makanike mai abin awo, wato maikuromita, ya auna kowane wuya ta fuska biyu, don a san ko an taɓa yanka shi, ko kuma ya zama ƙwai maimakon da'ira. A ɗora shi a juya a ga ko ya lanƙwashe. A rataye shi da igiya a ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma: lafiyayye yana amsawa da doguwar ƙara, mai babbar tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Sai dai kunne ba ya kama ƙaramar tsaga. Ga dabarar da ma'aikatan jirgin ƙasa na dā suka yi amfani da ita, wadda ba ta cin ko sisi: a jiƙa shi da kananzir, a goge tas, a shafa alli a lungunan, a ɗan ƙwanƙwasa a jira. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige zai fito ya zana layi a kan allin. Wuraren da ke da na'urar maganaɗisu ta gano tsaga sun fi wannan, in da hali a kai can.

Masu cewa a sa injin Japan a tsohuwar Peugeot, ban ce sun yi kuskure ba. In ƙarfi ake so da gaske, injin da aka haifa da ƙarfinsa ya fi wanda aka matsa wa. Amma in farantin da aka haɗa inji da giya bai zauna daidai tsakiya ba, wutsiyar karanshaf za ta riƙa lanƙwasa a kowane juyi, a koma gidan jiya. Kuma sabon inji ba ya zuwa da sabon birki.

Sauran abin da ke kashe karanshaf kowa ya san shi, sakaci ne kawai: man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, matatar iska da ta huje a tsakiyar hunturu ƙura tana shiga, take totur da sassafe kafin mai ya hau, da fitilar mai da ta dami direba ya cire ƙwanta.

Abin da ya shafe mu a matsayin ikilisiya shi ne yadda muke yanke shawara. A cikin Luka sura 14 Ubangijinmu ya yi zancen mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna tukuna ya yi lissafin abin da za ta ci. Mu mun yi lissafin kuɗin gyara da kuɗin hayar buhu 20, ba mu yi lissafin abin da ƙarfen zai ɗauka ba, domin ba wanda ya san akwai wannan lissafi. A Kubawar Shari'a sura 22 kuma an umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufinsa kariya, don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Ban ga bambancin rufin soro da bayan a-kori-kura ba. Na lura kuma, a majami'u da yawa akwai makanikai da direbobi a kan benci, amma ranar shawarar mota malaman makaranta da 'yan kasuwa ne ke magana, mai baƙin mai a farce yana baya ba a tambaye shi ba. Wani lokaci kuma kunya ce ke cin mu: makanikin ɗan'uwa ne cikin bangaskiya, ko surukin dattijo, sai a ji nauyin ce masa ya kawo awo a rubuce. Mai aikin kirki ba ya fushi in an ce ya auna. Shi tsohon nan na Funtua har daɗi ya ji da na zauna ina rubuta lambobin da yake faɗa.

Mu dai ga abin da muka yi. Mun sayo karanshaf na Beljiyam da ba a taɓa yankawa ba, bayan an auna shi an yi masa gwajin alli a gaban mutum uku, da direba a cikinsu. Aka samo wani kan inji da ba a aske ba, aka mai da kafireta da taimin yadda kamfani ya tsara. Ganye biyun nan na sifirin aka cire su, domin su ne ke ɓoye nauyi, mota ba ta durƙusa balle a ji tausayinta. Aka rubuta a littafin ikilisiya cewa buhu 12 ne iyaka, aka sayi ƙaramin littafi ana ajiyewa a motar, ana rubuta ranar juyen mai da girman metal da ke ciki. Kuɗin hayar kasuwa ya ragu, ma'aji ya yi gunaguni wata biyu. Direba ma ya ce yanzu har masu babur suna wuce shi a hawa. Shugabar zumunta ta ce masa, "Ɗana, su wuce, mu dai mu iso."

Gutsuren tsohon karanshaf kuwa, matasa suka ce a rataye babban a bishiyar darbejiya ya zama ƙararrawar sujada, tun da tsohon wilin motar da muke bugawa ya fara tsatsa. Aka rataye, aka buga ran Lahadi da safe. Ƙarar ba ta kai ko gidan Fasto ba. Aka sauke shi aka mai da wilin, shi kuwa masu sayen tsohon ƙarfe suka auna shi a sikeli, kuɗin ya sayi galan ɗaya na baƙin mai da canji kaɗan.